Yaya, ga bayanin hoton nan na bindiga

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya da kowa da kowa. Ni ma nan lafiya lau, alhamdulillahi, sai dai zafin jihar Teksas ta Amurka da kewarku.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har sau uku. Ka ce Hajiya ba ta runtsa ba daren da ta ga hoton, tana ta tambaya ko soja na shiga ban faɗa ba, ko kuwa miyagun abokai na samu. Laifina ne. Na ɗora hoto ina riƙe da bindiga irin ta sojoji ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba, alhali na san abin da ganin wannan ƙarfen ke tayarwa a zuciyar uwa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta mata a natse. A waya, da mun fara magana sai kuka ya hana ta ji.

Ban shiga soja ba. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, tsohon soja ne da ya yi ritaya, shi ya daɗe yana gayyata ta filin koyon harbi ina zillewa. Filin wuri ne da aka killace a bayan gari, mutum ya biya kuɗin shiga, a ba shi gurbinsa, akwai tudun ƙasa babba a can ƙarshe da ke tare harsashi, akwai kuma jami'in da ke sa ido a kan kowa. Bindigar da ke hoton tasa ce, sunanta AR-15. A ido kamar M16 ta sojojin Amurka take, asalinsu ma ɗaya, wani injiniya mai suna Eugene Stoner ne ya zana ta a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950. Bambancin shi ne wannan ba ta feshi. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, sai ka sake ja.

Abin da zai ba ka dariya, Asabar biyu na farko ko harsashi ɗaya ban harba ba. A garejin gidansa ya zaunar da ni, ya shimfiɗa tsohon tawul a tebur, ya ce wanda bai iya wanke bindiga ba bai cancanci harba ta ba. Kafin komai sai ka cire gidan harsashi, ka ja sakatar ciki baya, ka leƙa da ido, ka kuma sa yatsa ka taɓa, don ido yana yaudara. Harsasan ma a wani ɗaki yake barin su in za a yi wanki. Daga nan ƙusoshi biyu kawai za ka tura, bindigar ta rabu gida biyu. Ni da na zaci wani abu ne mai wuyar sha'ani, sai ga shi ko sukundireba ba a buƙata.

Dattin da na gani a ciki shi ya ba ni mamaki. Ita wannan bindigar da hayaƙinta take aiki. In harsashi ya tashi, wani ɓangare na hayaƙin albarushin yana bin wani siririn bututu da ke saman babban bututun ya dawo baya, ya tura sakatar, ta jefar da kwanson da aka harba, ta ɗauko sabon harsashi. To wannan hayaƙin duk cikin cikinta yake juyewa, ya daskare ya zama baƙin ƙanzo kamar na gindin tukunya. Sai ka bi shi da buroshi da tsumma da mai. Babban bututun kuwa daga baya ake shigar da sandar gogewa a fito ta baki, don kada a ci leɓen bakin, wai da ya ɗan ci rauni saiti ya tafi. Akwai wani ɗan fil da ke riƙe allurar da ke dukan harsashi, bai fi na ɗinki girma da yawa ba. Ranar farko ya kuɓuce mini, muka yi kusan rabin awa a durƙushe muna laluben sa ƙarƙashin mota, dattijon yana ta ƙyaƙyata dariya.

Muna gogewa yake ba ni labarin dalilin wannan tsananin nasa. Lokacin yaƙin Biyetnam an raba wa sojoji M16 ana ce musu ba ta buƙatar wanki sosai, da yawa ma ba a ba su kayan wankin ba, sannan aka canza albarushin zuwa wani mai yawan datti. Sai bindigogi suka riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, kwanso ya maƙale a ciki, aka rasa rayuka a kan haka. Har majalisar dokokinsu ta yi bincike a 1967. Bayan nan aka lulluɓe mazaunin harsashin da ƙarfen da ba ya tsatsa, aka raba kayan wanki, a 1968 ma aka buga wa sojoji ɗan littafin zane-zane yana koya musu kula da ita. Tun daga jin wannan na daina ganin tsumma da mai a matsayin ɓata lokaci.

Sai a Asabar ta uku muka je filin. Tun a mota ya sa na haddace dokokinsa kamar ɗan makarantar allo. Kowace bindiga ka ɗauke ta akwai harsashi a ciki, ko da kai ka zazzage ta da hannunka. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba. Yatsa a miƙe yake zama, nesa da kunama, sai ka gama saiti. Kuma ka san abin da kake auna da abin da ke bayansa. Wannan ta ƙarshen ta fi shiga raina da ya ce mini kan harsashin bai wuce giram 4 ba, amma yana fita da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa, kuma in bai samu abin da ya tare shi ba yana iya tafiya fiye da kilomita 2. A filin, da jami'i ya ɗaga murya a tsaya, kowa zai cire gidan harsashi, ya bar sakata a buɗe, ya ja da baya. Babu mai taɓa bindiga, ko gyara mata zama, muddin akwai mutum a gaba yana sauya takardar saiti. Na ga an kori wani ƙato mai manyan kaya saboda wannan kaɗai, ba a ko saurari uzurinsa ba.

Ƙarar kuwa, Yaya, fim ƙarya yake mana. Da toshe kunne biyu, na ciki da na waje, amma a ƙirji nake jin harbin maƙwabcina. Ƙarar ta haura desibel 150 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma daga 140 kunne ke iya lalacewa nan take. Turin bayanta ba shi da yawa, yaro ma zai iya ɗauka. Duk da haka harsasaina goma na farko a yadi 50 sun watse kamar an watsa wa kaji tsaba, yawanci ƙasa. Na ce saitin ne bai daidaita ba. Dattijon bai yi musu ba, ya karɓi gidan harsashin ya juya baya ya cika mini, ashe ya cusa harsashin roba marar albarushi a tsakiya. Da na zo kansa na ja kunama, babu ƙara, amma na ga bakin bindigar ya dungura ƙasa da hannuna. Tsoron ƙarar ne ke sa ni zabura kafin ta tashi. Kunya ta rufe ni.

Maganin, in ji shi, ka saki numfashi, ka tsaya a ɗan shirun da ke tsakaninsa da na gaba, ka matsa kunama a hankali har harbin ya zo maka bagatatan. Sai harsasanka sun taru wuri ɗaya, ko da nesa da tsakiya, sannan za ka taɓa madubin saiti. A nasa madubin, kowane ƙas ɗaya yana matsar da harsashi rabin inci a yadi 100. Yanzu bayan wata uku ina iya tara biyar a wurin da tafin hannu zai rufe. Hoton da ya tayar da hankalin Hajiya na ranar da na fara yin hakan ne. In mun tashi sai an wanke hannu da sabulu kafin a ci komai, saboda ƙurar dalma.

Ka tambaya ko na sayi tawa. Ban saya ba. Doka ta ba ni dama tunda ina da katin zama na dindindin: in cike fom mai lamba 4473 a shago, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta binciki sunana, sau da yawa cikin 'yan mintuna a gama. Wannan sauƙin shi ne ya fi ba ni tsoro. A nan Teksas ɗin, a garin Uvalde, da irin wannan bindigar aka kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare a 2022, kuma a shago mai lasisi aka saye ta. Mun sha gardama da dattijon a kan wannan. Shi ya kafe a kan haƙƙin mallakar makami da kundin tsarin mulkinsu ya ba su tun 1791, ni kuma ina ce masa ba kowane mai saye ke da wanda zai zaunar da shi a gareji Asabar biyu ba. Ba mu daidaita ba har yanzu, amma muna ci gaba da zuwa filin tare. Bindigar a akwatin ƙarfensa take kwana, a kulle, ni kuwa a ɗakina wuƙar yanka albasa ce mafi girman makami.

Ka faɗa wa Hajiya na cire hoton, ta yafe mini, ta ci gaba da sa ni a addu'a. Zan kira ta ranar Juma'a in na tashi daga aiki. Auta kuma da ya aiko yana roƙon in turo masa bidiyon harbin, ka ce masa bidiyon wanki kawai zai samu.

Ka gaida Kawu da matarka da yara.

Naka ƙani.