Zancen Autanmu da bet

Mutumina, ya Legas, ya su Madam da yara? Wato kai in ba a neme ka ba shikenan ko.

Dama tambayarka zan yi wani abu, amma bari in fara da Auta. Kuɗin rajistar makaranta da Hajiya ta ba shi sun ƙare a shagon bet, da na titsiye shi wai wasa goma ya zuba tara sun shiga ɗaya ne kawai ya yanke masa tiket, yana faɗa yana murmushi sai ka ce shi ya ci. Wallahi murmushin nan ya fi ɗaga min hankali a kan kuɗin.

Yaya Babba ya ce a zane shi kawai, na ce duka ba zai fitar da wannan ba. Ka san aikin asibiti ya sa ni karance-karance. Akwai sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, shi ke sa mutum ɗokin abu, kuma wani masani Wolfram Schultz da ya gwada birai ya ga ɗokin jiran lada ya fi tashi in babu tabbas, ko a samu ko a rasa. A 2009 kuma masana a jami'ar Cambridge ta Ingila suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna buga injin caca, sai ga shi "saura ƙiris" ɗin nan yana kunna wuraren da cin gaske ke kunnawa, mutum ya ji haushi amma ya fi son ƙarawa. To ka ga tiket ɗin Auta ke nan.

Kar ka yi dariya malam, ban manta kartar da kuke yi a bayan aji da kuɗin tara ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki ɗin nan, dattawa da ba su taɓa caca ba, an ɗora su kan maganin da ke aikin dofamin sai wasu suka afka, in an rage maganin abin ya lafa. Tun 2013 ma likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa caca rukuni ɗaya da shaye-shaye. Hisbah ta rufe shagunan bet a 2024, to amma abin na cikin waya ai. Na dai karɓe masa katin banki, kuma zan kai shi wajen likita ko Yaya Babba ya ƙi.

Af, mai shayin bakin layi ya ƙara aure, ta uku fa! Hajiya kuma na cigiyar man zafin da ka yi mata alkawari tun ƙaramar sallah.

Naka har kullum.