Zinariyar da ake ɓoye wa zakka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwa na zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase. Tun lokacin da sidi, kuɗin Ghana, ya yi ta faɗuwa, mutane sun koma ajiye dukiya a zinariya. Babu laifi. Laifin yana farawa ne ranar da mutum ya ji ciwon fitar da haƙƙinta, kuma aya ta 34 a Suratut Tauba ta yi wa masu irin wannan taskancewa gargaɗin azaba.

Nisabi misƙali 20 ne, kimanin giram 85 na tsantsar zinariya. In ta shekara a hannunka, kashi ɗaya cikin 40 za ka fitar. A lura da karat, wato ma'aunin tsantsar zinariya: sarƙar giram 100 mai karat 22, tsantsar cikinta ba ta kai giram 92 ba. A mazhabar Malikiyya, wadda mace ke ado da ita ba a yi mata zakka, amma wadda aka saya don ajiya ana yi. Wasu sai su kulle ta a akwati su ce ta uwargida ce, alhali ko ranar sallah ba ta taɓa wuyanta ba. Wa ake yaudara?

Sai musaya wurin maƙeri. A ba da tsohon ɗan kunne, a ƙara kuɗi, a karɓi sabo: riba ce, domin zinariya da zinariya sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. Sayar da tsohon, karɓi kuɗinka, sannan ka sayi sabon.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi