Mai gadin da na ɗauka ya shigo har ɗaka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya aiki, ya iyali? Ina fatan kowa lafiya. Na san za ka ce sai da matsala nake tuna ka, to ka yi haƙuri yau ma matsalar ce, amma wannan karon har da kai a ciki, don ni na sa maka antibairos ɗin nan, manhajar tsare kwamfuta daga bairos, a laftof ɗinka kafin ka tafi, har ina cika baki wai ka kwanta ka yi barci.

Ka tuna tsohuwar manhajar nan da nake gyaran sauti da ita? Wadda kake min dariya kana cewa ta girmi ɗanka? To ranar Talata na buɗe kwamfuta zan ƙarasa wani aiki da na yi alƙawarin miƙawa da yamma, sai na ga fuskarta ta canza gaba ɗaya, madannan da hannuna ya saba da su sun koma wani wuri, da farko na ɗauka ko yara ne suka taɓa min, har na fara faɗa. Ashe ba ruwansu. Da na shiga cikin antibairos ɗin na duba tarihin abin da ya yi, sai ga shi a rubuce, cikin dare ya yi wa manhajoji guda huɗu afdet, har da alamar kore wai komai ya tafi daidai. Daidai a wurin wa?

Canza fuska ba komai ba ne, mutum zai saba. Abin da ya ƙona min rai shi ne ɗan filogin ɗin da nake cire hayaniya da shi, wato ƙaramar manhajar da ake jona wa babbar, na 32-bit ne, wanda ya rubuta shi ya daina taɓa shi tuntuni, sabuwar manhajar kuma 64-bit ce, ko ganinsa ba ta yi balle ta ɗauke shi. Kuma ni da wautata kafin in gane abin da ke faruwa na buɗe aikin na danna sebin, to ta ajiye shi a sabon tsarinta, wanda tsohuwar ba ta iya karantawa ko da na dawo da ita. Aikin sati biyu fa. Allah ya taimake ni ina da kwafi na kwana uku baya a filash, da shi na lallaɓa.

Kafin ka fara min wa'azi, na sani, wallahi na san dalilin masu antibairos ɗin. Da yawa daga cikin ɓarnar da ake yi ba ta wata sabuwar dabara ake shigowa ba, ta tsohuwar kafa ce da aka riga aka toshe amma mutane suka ƙi sa gyaran. Bairos ɗin nan WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017, Microsoft ta fitar da maganinsa tun watan Maris, wata biyu cur yana zaune ba a sa ba. A shekarar dai aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax mai tara bayanan bashin mutane a Amurka, shi ma gyaran ya fito ba su sa ba. Ga irin su WinRAR, manhajar matse fayil, da ba sa sabunta kansu, sai ka tarar mutum yana amfani da na shekara goma bai ma sani ba. Don haka idan antibairos ya leƙa ya ce min malam wannan ta tsufa akwai rami a cikinta, na gode masa. Amma gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ka faɗa min, ka bar ni in zaɓi lokaci, ko in ce wannan ɗaya kar ka taɓa ta na san abin da ya sa na bar ta haka.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma da na zauna na yi tunani, ka san duk lokacin da za ka sa wani abu a Windows sai allo ya yi duhu ya tambaye ka ko ka yarda. Shi antibairos ba a tambayarsa, don tun ranar da ka sa shi ka ba shi iko mafi girma a kwamfutar, dole ne ma, in ba haka ba ba zai iya kama komai ba. To da wannan ikon yake sauko da abu ya girka shiru ba ko tari. Mai gadi ne ka ba makullin kowane ɗaki saboda ɓarayi, ka dawo ka tarar ya canza maka katifa wai tsohuwar ba ta da kyau ga bayanka.

Kuma su ɗin ba mala'iku ba ne, suna kuskure. A 2010 wani afdet na antibairos ɗin McAfee ya ɗauki wani fayil na Windows XP kansa a matsayin bairos, kwamfutoci suka dinga mutuwa suna tashi ba iyaka. Na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike kuwa ai ka gani da idonka a labarai, 19 ga Yulin 2024, fayil ɗaya suka tura, Microsoft ta ce na'ura wajen miliyan 8.5 ta faɗi, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Wannan fa nasu kayan ne da suka fi kowa sani, ina ga manhajar wani da ba su suka rubuta ba, ba su san me na jingina a kanta ba? Su lambar fitowa kawai suke dubawa, in ta jikin taka ta yi ƙasa da ta cikin jerinsu shi kenan an yanke mata hukunci. A 2024 ɗin dai, da gwamnatin Amurka ta hana antibairos ɗin Kaspersky, masu amfani da shi a can suka wayi gari ya cire kansa wani mai suna UltraAV ya zauna a gurbinsa. Kamfanin ya ce ya aika saƙon imel tun kafin nan, mutane da yawa suka ce su dai ba su ga an tambaye su ba.

Na san amsar da za su ba ni, wai ai na yarda tun ranar da na danna "na amince" a ƙarƙashin dogon rubutun nan da ba wanda yake karantawa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin tambaya ba gaskiya. Abin ma a kunne ya zo, ba ni na kunna ba, kuma sai da na shiga settin na tona kamar mai neman allura kafin na samo inda ake kashe shi.

Ban cire antibairos ɗin ba dai, kar ka ce na yi fushi da kaza na huce a kan dami. Na bar shi yana sabunta kansa da jerin bairos ɗinsa, wannan aikinsa ne. Birauza ma na bar ta, don ita ce ke fita waje kullum. Sauran kuwa na mayar da shi kan ya sanar da ni kawai, duk Asabar zan zauna in duba da kaina bayan na kwafe aikina.

Kai ma don Allah yau ɗin nan ka buɗe naka, ka nemi wurin da ya shafi sabunta manhajoji, ka ga ko a kan "da kansa" yake, musamman saboda tsohuwar sikanar nan taka da direbanta ba ya son a taɓa shi. Sannan ka duba min hadis (hard disk) ɗinka na waje, ina jin na taɓa kwafa maka fayil ɗin girka tsohuwar manhajar sautin tare da filogin ɗin a wata folda, shafinsu sun cire ta, ni kuma ba na son in sauko da ita daga inda ban sani ba. In ka samu ka turo min ko da dare ne.

Ka gaida madam da yara, ka ce wa babban ina nan ina jiran kiran da ya yi min alƙawari.

Naka har kullum.