Barka da Sallah, Yaya, ga kuma maganar ƙafar Gwaggo

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana. Ki durƙusa mini gaban Inna ki gaishe ta da kyau, ki gaida maigidanki da yara da duk mutanen gida. Mun sauko idi tun da hantsi a filin Small Heath da ke nan Birmingham, jama'a maƙil, Somaliyawa da 'yan Pakistan da 'yan Sudan, har na jiyo wata tana tsawata wa ɗanta da Hausar Damagaram. Naman layyarmu kuwa sai jibi mahauci zai miƙo mana a leda, a yayyanke. Ba ƙaurin babbakar kai, ba suyar kayan ciki, ba yara masu yawon Sallah. Iya nan za ki karanta wa Inna. Sauran tsakanina da ke ne.

A saƙon muryar da kika turo shekaranjiya, can wajen ƙarshe, kin ce ƙafar Gwaggo ta kumbura, an samo mai tausa tana murza mata da man zafi. Kin faɗe shi kamar labarin tsadar rago, ni kuwa ban runtsa ba a daren. Yaya, don girman Allah a dakatar da tausar nan. Irin wannan ciwon ƙafar ne ya hana ni zuwa gida Sallah bana, na ɓoye muku na ce aiki ne.

Kin san bayan an yi mini aikin kansar mama da kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, da gashi na hasken na'ura, an ɗora ni kan tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum, irin wadda Gwaggo take sha. Magani ne mai kyau, yana tare kansar kada ta dawo, shi ya sa ake shan sa shekara 5, wasu har 10. Amma yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya sau 2 zuwa 3. Ita kanta kansar tana sa jini saurin yin guda, kemo ya ƙara, tiyata ta ƙara, yawan kwanciya ya ƙara. Likitata ta ce alaƙar kansa da daskarewar jini ba sabuwa ba ce, wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana ta tun 1865. Daga baya ya ga alamar a jikinsa, ya gane me ke cin sa, ya rasu a 1867.

Ni a sharaɓar hagu ya fara. Ta yi tauri, ta ɗauki zafi, safa ta bar mini shaida a ƙafa ɗaya ban da ɗayar. Na ce tsayuwar wajen aiki ce, na murza da man zafi kwana huɗu, wautar da ake yi wa Gwaggo yanzu. Ranar na biyar ina hawa bene da kwandon wanki, a matakala ta shida numfashi ya ƙi, kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Da aka yi hoto sai ga guda a jijiyar ƙafa, wani kuma ya ɓalle ya bi jini ya toshe wata jijiya a huhu. Da na gaya wa nas ɗin ina tausa, kallon da ta yi mini kaɗai ya ishe ni.

Ina kwance a asibitin ne zuciyar ta shiga nata rikicin. Cikin dare na ji tana fiffika kamar kazar da aka damƙe, ta yi gudu, ta ɗan tsaya, ta sake zabura. Ta mai lafiya tana buga 60 zuwa 100 a minti, a jere kamar dakan mace ɗaya. Tawa ta wuce 140, kuma dakan ba tsari. Suka manna mini wayoyi a ƙirji, takarda ta fito. Likitar ta zana mini zuciya a bayan ambulan ɗin wasiƙa: ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Na saman ne suke karkarwa maimakon su matsa, sai jini ya kwanta a wani ɗan aljihu da ke ɗakin hagu ya daskare. In gudan ya fita, ƙwaƙwalwa yake nufa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan matsalar haɗarinsa ya kai ninki 5 na wanda ba shi da ita. Ba ta ɗora laifin kan abu ɗaya ba. Gudan huhun ya wahalar da zuciyar, jan ruwan kemo ɗin nan, doxorubicin, wanda ya zubar mini da gashin kai, an san yana taɓa naman zuciya, ga shi kuma gashin da aka yi mini a ɓangaren hagu ne. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa suke sa ni in ja dogon numfashi in riƙe yayin gashin, ashe nesanta zuciyar ake yi da hasken.

Yanzu alhamdu lillahi. An canza mini tamoxifen zuwa letrozole tunda al'ada ta riga ta ɗauke, ina kuma shan apixaban na tsinka jini safe da dare. Ko wuƙar yanka albasa ce ta taɓa ni, sai na daɗe ina danne wurin. Likitar ta ce in jinkirta zaman jirgi na sama da awa shida tukuna.

To ga abin da nake so ki yi. Ki duba ƙafafun Gwaggo biyu a jere. In ɗaya ce ta kumbura, da zafi ko ciwo, a kai ta asibitin da ake duba ta yau, kada a ce sai an gama hidimar Sallah. Ki faɗa wa likita da bakinki cewa tana shan tamoxifen, ki roƙi a yi hoton jijiyar ƙafar. Kada kuma ta daina maganin da kanta. In numfashi ya yi mata wuya, ko ƙirji ya soke ta, ko tari ya zo da jini, ko tsakar dare ne a fita da ita. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta ki ƙirga na minti ɗaya cur, ki lura ko bugun yana tsalle.

In sun ba ta warfarin, maganin tsinka jinin da ya fi araha, sai da gwajin jini a kai a kai. Zogale da alayyahu suna rage masa ƙarfi. Ba a hana ta ci ba, amma kada yau ta cinye kwano guda na kwaɗo sannan ta yi mako ba ta taɓa ba. Ban da ibuprofen da diclofenac na kemis, ban da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Wanzamin da ke zuwa yi mata ƙaho a ba shi haƙuri da goron Sallarsa.

Na tura kuɗi a asusunki jiya. Rabi na hoton ƙafar da kuɗin mota, sauran ki raba wa yara barka da Sallah, ki cire wa Inna na turare. In kin soya naman, ki ajiye mini na wuya a gwangwani, akwai mai tahowa nan bayan sati biyu. Ki kira ni daga asibitin, wayar tana hannuna.

Ƙanwarki,
daga Birmingham