Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Ofishin Baƙi Na Garin Leavenworth

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan ofishin karɓar baƙi na Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Leavenworth, Jihar Washington, Amurka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a, tunda yaba kyauta tukuici. Na zaɓi in rubuta da Hausa saboda 'yan'uwanmu mazauna Seattle da Tacoma da Portland, waɗanda da yawansu da sun ji sunan garinku sai su kau da kai, don an ce musu garin mashaya ne, ba wurin da mai iyali zai je ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo mana ziyara daga Kano a kakar da ta wuce. Tsohon malamin gona ne, ya yi shekarunsa na aiki a Kadawa wajen noman rani, kuma tun saukarsa ya nuna mana dogayen benaye ba sa burge shi, gona yake so ya gani. Gonakin tuffa na wannan jiha kuwa suna bayan duwatsun Cascade, har da kwarin kogin Wenatchee inda garinku yake, kuma watan Oktoba ne lokacin tsinka, lokacin da ganyen itatuwa ke rikiɗa ya koma ja da rawaya. Shi ne kuma lokacin bikinku na Oktoberfest. Mu ba ma shan giya, ba ma cin naman alade, ga yara ƙanana, ga dattijo mai carbi a hannu. Da na shaida wa wani abokina niyyata, cewa ya yi, "Kai kuwa me ka rasa a bikin giya?" Shi ya sa na fara bugo muku waya kafin mu kama hanya.

Matar da ta ɗauka ba ta yi mini tallan gari ba. Ta tambaye ni su wa za su zo, na faɗa mata, har da abin da ba ma ci da abin da ba ma sha. Sai ta yi mini bayani dalla-dalla: bikin ana yinsa ne ranakun Juma'a da Asabar, ƙarshen mako uku a jere, shaye-shayen kuma yana cikin rumfunan da aka killace, sai da tikiti ake shiga, ba a kuma sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba. Ta ce da rana titi na kowa ne, amma da dare, musamman daren Asabar, akwai hayaniya da waɗanda suka yi tatul, ita ba za ta ba mai yara shawarar zama ba. Ta ƙara da cewa ɗakunan kwana a cikin gari sun cika, waɗanda suka rage kuma kuɗinsu ya hau, mu nemi masauki a Cashmere ko Wenatchee. Aikinta fa shi ne ta cika wa 'yan kasuwar garinta gadaje, amma ta tura ni garin maƙwabta. Tun daga nan na san da mutanen kirki nake magana.

Mun biyo babbar hanya mai lamba 2, muka haura Stevens Pass, mai tsayin mita 1,238 daga doron teku, muka gangara ta kwazazzabon Tumwater, kogi na kumfa a gefenmu. Kawu bai ce komai ba sai da muka sauko, sannan ya ce, "Wannan ɓangaren ai ba ya samun ruwa kamar wancan." Idon manomi ke nan. Duwatsun ne ke tare gajimaren da ke tasowa daga teku, ruwan ya zube a yamma, gabas ta zauna a bushe.

Da muka shigo ofishinku, tambayar farko da Kawu ya sa na fassara ita ce ko mutanen garin Jamusawa ne. Duk inda ya duba gidaje ne masu baranda ta katako da furanni, bango da zane-zane, rubutu irin na tsoffin littattafan Jamus, har McDonald's da Starbucks sun bi sahu. Dattijuwar da ke kan teburi ta yi dariya ta ce a'a, aro aka yi, kuma ba ta ji kunyar ba mu labarin ba.

Garin ya samu rajista a 1906, yana cin abinci daga jirgin ƙasa na kamfanin Great Northern da masana'antar yanka katako. A shekarun 1920 kamfanin jirgin ya kwashe ofisoshinsa ya mayar Wenatchee, aka karkatar da layin dogo, masana'antar katako ta rufe. Gari ya shiga mutuwar tsaye, shaguna a kulle, matasa na ƙaura, har wajen shekara talatin. A 1962 mutanen gari suka kafa kwamitin ceto da taimakon Jami'ar Washington. Wasu 'yan kasuwa biyu, Ted Price da Bob Rodgers, waɗanda suka riga suka mayar da wani gidan abinci a bakin hanya irin na ƙauyukan duwatsun Turai, su suka dage a kan cewa a yi wa gari duka shigar Bavariya, wani yanki na kudancin Jamus, tunda duwatsun da ke kewaye da shi sun yi kama da na can. A tsakiyar shekarun 1960 masu shaguna suka fara canza fuskar gine-ginensu da kuɗin aljihunsu, wasu da bashi. Yau garin da mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗari ba yana karɓar baƙi daga ko'ina. Kawu ya jinjina kai ya ce waɗannan ba su jira gwamnati ba. Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ta ƙawata labarin ba. Ba ta ƙirƙiro wa garin kakanni daga Jamus ba, ta ma tuna mana cewa kafin jirgi da katako, mutanen ƙabilar Wenatchi, 'yan asalin yankin, ne ke kamun kifi a inda rafin Icicle ya haɗu da kogin.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar abinci. Duk Musulmin da ya taɓa zama a gidan abincin Jamusawa ya san wahalar. Sosej ɗin bratwurst yawanci na alade ne. Schnitzel, wato naman da ake bugawa ya yi faɗi a shafa masa garin burodi a soya, galibi na alade ne. Kabeji mai tsami da kake gani kamar ganye ne zalla, sau da yawa da kitsen alade ake dafa shi. Ko burodin nan mai kama da ƙulli da ake barbaɗa wa gishiri, shi galibi lafiyarsa lau, amma narkakken cukun da ake dangwalawa da shi akan zuba masa giya. Dattijuwar nan ta ɗauko taswirar gari da biro, ta gyara tabarau, ta fara bugo waya gidajen abinci tana neman a haɗa ta da mai dafuwa, ba mai karɓar kuɗi ba. Na ji ta da kunnena tana tambaya ko man da ake soya dankali da shi, shi ne ake soya naman. Aka ce mata shi ne. Ta yi godiya, ta ajiye waya, ta ja layi a kan sunan wurin. Wani wurin ta tambaya ko zabibin da ke cikin kek ɗin tuffa an jiƙa shi a barasa. Maman yara ta kalle ni, na kalle ta, don mu kanmu wannan tambayar ba ta zo mana ba.

A ƙarshe ta zagaye mana wurare kaɗan da jan biro, ta rubuta abin da za mu nema a kowanne: gasasshen kifi, da wata taliya mai ƙwai da ake haɗawa da cuku da soyayyar albasa, sunanta Käsespätzle, wadda yara suka cinye har suna neman ƙari. Ta kuma gargaɗe mu kan ruwan tuffa, cewa iri biyu ne a kasuwar, akwai sabon matsi, akwai wanda aka bari ya zama giya, kuma kwalabensu kan yi kama, mu riƙa tambaya kafin mu biya. Gidajen abincin da ta soke mana, na tabbata wasunsu 'yan ƙungiyarku ne masu biyan kuɗin shiga. Ba ta duba wannan ba. Mutumin da ba ya shan giya a makon bikin giya ba shi ne babban mai ciniki ba, mun san haka, amma ba a nuna mana ba ko a fuska.

Da azahar ta gabato na koma na tambaye ta inda dattijo zai yi salla ba tare da ya tare hanya ba. Ta nuna mana lambun bakin kogi, ta ce mu haye ƙaramar gada zuwa tsibirin Blackbird, can kiɗa ba ya kaiwa sosai. Kawu ya tsuguna a bakin ruwa zai yi alwala, yana sa hannu ya janye da sauri yana salati, don ruwan daga ƙanƙarar kan duwatsu yake gangarowa. Ya daure ya gama, gemunsa na ɗiga, yatsunsa sun yi jawur. Na shimfiɗa masa darduma a kan busassun ganye ina duba alƙibla a waya, ta nuna arewa da ɗan karkata gabas. Duk da ya kwana biyu a ƙasar, abin bai daina ba shi mamaki ba. "Yaro, ka tabbata?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, daga nan hanya mafi kusa zuwa Makka ta saman duniya take bi." Ya ce Allah mai iko, ya ta da kabbara.

Daga kan gadar ne yara suka hango manyan kifaye baƙaƙe suna tsaye cikin ruwa suna fuskantar igiya. Kifin salmon ne da ya dawo daga teku zai saka ƙwai a inda aka ƙyanƙyashe shi, bayan tafiyar kusan kilomita 800 da tsallake madatsun ruwa bakwai a kogin Columbia. Ma'aikaciyarku ta riga ta sa mana alama a kan gidan ƙyanƙyasar kifi na gwamnatin tarayya da ke kan rafin Icicle, wanda aka gina wajen 1940 saboda madatsar Grand Coulee ta toshe wa kifin hanyarsa ta sama. Shiga kyauta ne. A makon da kowa ke neman abin da zai sayar maka, ita wurin da ba a biya ta fara nuna mana.

Bikin kansa mun gan shi daga gefen titi. Da tsakar rana aka yi jerin gwano, masu busa da masu ganga a gaba, maza da gajerun wandunan fata da huluna masu gashin tsuntsu, mata da riguna masu ƙyallen ɗaurawa a gaba, ana rakiyar gangar giyar da za a fasa a buɗe taro. Asalin abin daga Munich ne, babban birnin Bavariya, inda a watan Oktoba na 1810 aka yi shagalin auren yarima Ludwig na Bavariya da gimbiya Therese, jama'a suka ji daɗi suka mayar da shi na shekara-shekara. Ba zan ce muku ina sha'awar abin da ke cikin gangar ba, addinina ya hana, kuma abin da na gani da la'asar, samari na tangaɗi ana riƙe su, bai canza mini ra'ayi ba. Amma kiɗan ya yi daɗi, an tsara wurin, ba wanda ya matsa mana ko ya yi wa hijabin maman yara kallon banza. Mun kuma leƙa gidan tarihin 'yan tsanan katako masu fasa ƙwaya, dubbai a jere cikin gilashi, inda ƙaramarmu ta ƙi fitowa sai da lallashi.

Kafin magariba muka fita kamar yadda aka ba mu shawara, domin ma'aikaciyarku ta ce hanyar da dare akwai barewa, akwai kuma direban da bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Washegari Kawu ya samu abin da ya kawo shi. Tsakanin Peshastin da Cashmere gonaki ne jere, an ɗaure rassan tuffa a kan waya, manyan akwatunan katako cike a bakin layi, ma'aikata a kan tsani da jakunkuna a ƙirji. Ya bar mu a rumfar sayar da 'ya'yan itace ya bi magudanar ban ruwa da ƙafa, yana duba yadda ake raba ruwan, ya dawo yana cewa da magudanan Kadawa na samun irin wannan kulawa da ba a yi kukan ciyawa ta toshe su ba. A Cashmere muka sayi alewar Aplets & Cotlets, wadda wasu Armeniyawa 'yan ci-rani suka fara yi da tuffa da gyaɗar Turawa, ya ce ita ce tsarabar jikokinsa.

Ina da roƙo guda. Abin da ma'aikaciyarku ta yi mana da biro da waya, ku mayar da shi takarda a buga, a ajiye a kan teburi kusa da taswira: abincin da babu alade, babu giya a ciki, da gidan da ake samunsa. Ba mu kaɗai zai amfana ba, akwai Yahudawa, akwai masu ciwon da ya hana su sha, akwai waɗanda suka daina sha suna gudun komawa. Ba kowane baƙo ne zai yi ƙarfin halin tambaya ba, ba kuma kullum za a dace da ita a bakin aiki ba.

Ku isar mata da gaisuwarmu, ita da wadda ta amsa mini waya. Kawu ya koma Kano lafiya, ya ce in gaya muku ya gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa garinku albarka.

Naku,
Wani Bakano mazaunin Everett, a madadin iyalinsa.