A Mayar da Tsofaffin Sito-sito Gidajen Masu Sana'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan tsofaffin gine-ginen kasuwanci da aka bari kango a Legas, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya bi ta Apapa ko Ijora ya ga manyan sito-sito a kulle, rufin kwano ya yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a bango. Tsohuwar sakatariyar tarayya da ke Ikoyi ma haka take zaune tun bayan komawar gwamnati Abuja a 1991. Shi kuwa tsohon ginin nan mai suna Ilojo Bar na dandalin Tinubu, duk da yana cikin kayan tarihin ƙasa, rushe shi aka yi a 2016.

Ni tela ne a Agege. Yaran shagona uku a ƙarƙashin teburin yanka suke kwana, sai an ture keken ɗinki gefe kafin a shimfiɗa tabarma. Irin waɗannan gine-gine kuwa ga tsawon rufi, ga manyan tagogi. Ɗaki ɗaya ya isa a yi masa bene, sama wurin kwana, ƙasa wurin aiki, an huta da kuɗin mota da cunkoson asuba.

Tsorona ɗaya ne, kada a gyara su don masu hannu da shuni kaɗai. Ina roƙon gwamnatin jiha ta sassauta harajin fili ga duk mai ginin da ya gyara bai rushe ba, bisa sharaɗin ya ware wa teloli da dukawa da masu gyaran waya ɗakuna a haya mai sauƙi. Injiniyoyi su fara duba ƙarfin ginin da hanyar fita in gobara ta tashi, kafin kowa ya tare.

Naku,
Wani tela daga Agege, Legas