Wasiƙa daga Kalgari kan wutar da ke jikin rigar jikanku

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida, na samu saƙonku game da hoton jikanku sanye da jar riga mai harafin C wanda wuta ke ci a bayansa, inda kuke tambayar ma'anar wannan alama da inda ta samo asali. Tambayarku tana kan hanya, domin bai kamata uba ya rataya wa ɗansa alamar da bai san tushenta ba. Ku kwantar da hankalinku, babu tsafi ko bautar wuta a cikinta. Tambari ne na Calgary Flames, ƙungiyar wannan birni ta wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda mutanen Kanada ke ji da shi kamar yadda muke ji da tamaula.

Ma'anar sunan ita ce harsunan wuta, kuma ba a nan aka raɗa shi ba. An kafa ƙungiyar a 1972 a birnin Atlanta na jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, aka sa mata wannan suna domin tunawa da gobarar 1864, lokacin da sojojin Janar William Sherman suka ƙone babban ɓangare na birnin a yaƙin basasar ƙasar. Wannan ne ya fi ratsa ni, Baba: mutanen da garinsu ya taɓa zama toka suka ƙi ɓoye abin da ya same su, suka ɗinka shi a ƙirjin 'yan wasansu da harafin A mai wuta a tsakiya.

Da asarar kuɗi ta yi yawa, sai aka sayar da ƙungiyar a 1980 a kan dala miliyan 16, ta yi ƙaura zuwa Kalgari. Sababbin masu ita ba su sake mata suna ba, saboda arzikin lardin Alberta, inda Kalgari yake, ya dogara ne da man fetur da iskar gas, wuta kuwa ba baƙuwa ba ce a wurin masu wannan sana'a. Harafin kawai suka canza daga A zuwa C, suka bar launukan da ta zo da su, wato ja da rawaya da fari. Har ma sun yi shekaru suna liƙa wa mataimakan kyaftin tsohon A na Atlanta a rigunansu, abin da nake gani a matsayin mutunta asali.

An ƙara launin baƙi a tsakiyar shekarun 1990, sannan a 1998 aka fito da wani tambarin na kan doki mai huro wuta ta hanci, domin Kalgari garin makiyaya ne da mahaya, filin wasan ma da aka buɗe a 1983 an yi rufinsa da siffar sirdi. A 2020 suka koma wa launukan farko, waɗanda da su ne suka ci kofin Stanley, wato kofin zakarun babbar gasar wannan wasa, a 1989, kuma a idona sun fi kyau.

Lamba 12 da ke bayan rigar kuwa ta Jarome Iginla ce, wanda ya riƙe kyaftin daga 2003 zuwa 2013, kuma mahaifinsa Bayarabe ne ɗan Najeriya. Ƙungiyar ta jingine lambar a 2019 domin girmama shi, babu ɗan wasanta da zai sake sa ta. Saboda shi na zaɓa wa jikanku wannan riga, domin ina so yaron da ke tashi a nan ya san cewa mai jini irin na ƙasarmu ya taɓa jan ragamar abin da garin nan ya fi alfahari da shi.

Idan duk da wannan bayani zuciyarku ba ta natsu da rigar ba, ku sanar da ni, zan ajiye ta. A gaida Inna ƙwarai, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗanku mai biyayya,
daga Kalgari, Kanada